Duwatsun Cikin Stella

Ranar Talata ce, mako biyu bayan an gama tseren jirage na watan Agusta. Gidan rediyo ya ce guguwa za ta iso tsibirinmu Kariyaku kafin gari ya waye. Kowa ya san abin yi: a sauke ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi, a kwashe duwatsun da ke danne da cikinsa, a ja shi cikin kurmin ruwa a ɗaure a saiwoyi har watannin iska su wuce. Bakin kurmin ba zurfi. Jirgi mai nauyi ba ya shiga sai an rage masa kaya, kuma sai ruwa ya cika. Ran nan cikar ruwa ta zo daidai da faɗuwar rana.

Stella jirgin mijina ne, Osbert. Ƙarami ne, sanda ɗaya, ƙyalle biyu. Da Osbert ya rasu, ba a yi wata ba masu saye suka fara zuwa gaisuwa, baki na ta'aziyya, ido na kan jirgi. Na ba su shayi, na nuna musu ƙofa. Ƙaninsa Dunstan ke fita mini kamun kifi da shi, ni ina sayarwa. Da jirgin nan nake ci, da shi kuma nake ɗaga kai a garin nan.

Na tarar da Dunstan a ƙofar gidansa yana buga wa taga katako.

"Tashi mu je, malalaci. Ruwa ba zai jira ka ba."

"Matar yaya, ni dai na gama da cikin jirgin nan."

"Ka gama? Tumbin nan naka waye ya gina shi in ba jirgin ba?"

"Verlina, wari yake. Ba warin kifi ba. Na wanke da omo, na wanke da kananzir. Duwatsun nan da kika saya wurin Lennox, kin taɓa tambayarsa inda ya samo su?"

"Kuɗinsu na tambaya. Wannan ce tambayar da ta dame ni."

"To ki nemi maza huɗu su taya ki. Ni hannuna ba zai sake taɓa su ba."

"Maza huɗu su shanye mini kwalba huɗu? Zauna, ka ji. Zan aiko maka da zanena ka ɗaura."

Maganar duwatsun kuwa, ga yadda take. A farkon kakar kifi, na je sayen ƙarfen danne cikin jirgi, mai ƙarfen ya faɗa mini farashin da ya sa na yi masa dariya a fuska. Sai ga Lennox da duwatsu goma sha huɗu a bayan mota, faffaɗa, masu santsi, kamar an yanka su don cikin Stella. Na taya rabin abin da ya ce. Ya karɓa. Lennox, wanda zai kwana yana jayayya a kan albasa guda! A nan ya kamata in tsaya in yi tunani, amma daɗin ciniki ya rufe mini ido. Shi da kansa ya jera su, ya mayar da katako a kai.

Na ɗauki bokiti da tocila, na tuƙa kwalekwale zuwa inda Stella ke tsaye kan anga, ƙarfen da ke riƙe jirgi a ruwa, daura da bakin kurmin. Sauran jiragen duk sun shige tun cikar ruwan safe. Ba kowa. Iska ta ɗauke ɗif. Sauro kaɗai ke kuka, sai ƙaguwoyi suna ƙas-ƙas a kan saiwoyi.

Ina hawa na lura jirgin ya nutse fiye da yadda na san shi. Jan layin da Osbert ya zana a gefensa yana ƙarƙashin ruwa.

Na ɗaga katakon farko.

Ni mai kifi ce. Shekara talatin hannuna na cikin hanji. Na taɓa kwashe firjin da wuta ta ɗauke masa kwana biyar. Amma wannan warin daban ne. Zaƙi-zaƙi gare shi, kamar ruɓaɓɓen mangwaro a cikin rigar majinyaci. Ya manne mini a maƙogwaro. Na tofar, na sake tofarwa, bai fita ba.

Ruwan da ke tsakanin duwatsun baƙi ne, da maiƙo fari yana yawo a kai. A nan Dunstan ke zuba kifina. Wata shida. Na ci, na sayar, na kai wa Fadan cocinmu na kyauta.

Na naɗe hannun riga, na cusa hannu. Dutsen da ɗumi. Dutse a cikin ruwa, da yamma, da ɗumi kamar cinyar mutum. Wani abu mai silɓi ya naɗe mini yatsu. Na ɗauka ciyawar teku ce. Na haska.

Gashi ne. Fari, dogo, a kitse.

Na yarfar, na ciccibi dutsen na jefa a ruwa. Ban duba shi ba. Na ɗauki na biyu, ya suɓuce, ya juye a kan gwiwata, sai na ga bayansa.

Karatuna bai wuce sunana da lambobin sikeli ba. Amma na san gicciye. Na san lamba biyu da ɗan layi a tsakaninsu, don ni na biya aka sassaƙa na Osbert, muka yi masa bikin kafa dutse, aka kwantar da dutsen a gadonsa, aka yayyafa masa giya, aka yi masa magana kamar mutum. A wurinmu mamaci ba ya kwanciya sai an ɗora masa dutsensa. Akwai tsohuwar maƙabarta a bayan tsauni, wadda teku ke ci shekara da shekaru. Nan Lennox ya yi mini kasuwa.

Na ture dutsen da ƙafa da hannu, ya faɗa ruwa, tsulum.

An rage dutse biyu. Kamata ya yi jirgi ya ɗago.

Sai ya ƙara nutsewa.

Ƙaguwoyin suka yi shiru.

A bayana wani abu ya ɗiga. Ɗis. Ɗis.

Na waiga.

Tsohuwa ce zaune a bencin baya, kusa da sandar tuƙi, cikin farar rigar coci da ta koma ruwan toka. Fatarta ta kumbura ta yi laushi kamar burodin da ya kwana a ruwa. Gefenta wani mutum da hular malafa, muƙamuƙinsa a sake. Ƙaramar ƙaguwa ta fito daga kunnensa, ta bi wuyansa, ta shige riga.

Na yi amai a cikin bokitina.

"Yarinya," in ji tsohuwar. Muryar kamar ana tsotsar laka da ƙafa. "Ina kika kai mini dutsena?"

"Kaka, ban sani ba. Saya na yi."

"Mun ji. Muna ƙasa ana cinikin."

A ƙarƙashin duwatsu goma sha biyun da suka rage, wani abu ya fara bugu. Ƙwanƙ. Ƙwanƙ. Duwatsun suna ɗagawa kaɗan, suna komawa.

"Mayar da su gida," in ji ta.

Na dubi bakin kurmin. Ga shi nan, jifa ɗaya. Ruwa ya cika daidai. In na bar wannan cikar, Stella zai kwana a fili, guguwa ta same shi.

"Da safe, Kaka. Ku bari in shigar da jirgin. Zan ɗauko mota. Zan yanka muku akuya."

"Yanzu."

"Akuya biyu. Da shinkafa, da kiɗa."

"Yanzu."

"To rabinku yau, rabi..."

Baƙin ruwan ya hau mini har gwiwa. Ɗumi gare shi. Wasu yatsu masu taushi suka shafa mini idon sawu, a hankali, kamar mai duba nunar gwanda.

Tun da nake ban taɓa sallamawa a farashin farko ba. Ran nan na sallama.

Na yanke igiyar anga. Na ja ƙyalle sama, ko da ba iska. Sai ga iska ta zo daga baya, mai wari, kamar numfashin baki da yawa. Sandar tuƙi tana kusa da tsohuwar. Dole na zauna gefenta. Cinyarta ta jingina da tawa, sanyi, tana nason ruwa cikin zanena.

Ban dube ta ba. Na kafa ido a kan tsaunin.

Muka zagaya. Duhu ya fara. A can igiyar ruwa ta riga ta girma, guguwa ta aiko da 'yan gabanta. Na hango maƙabartar, gaɓarta a zaizaye, bakunan ramuka a buɗe.

Na nufi yashi. Igiyar ruwa ta ɗauke mu, ta nufi dutse.

Na ji ƙashin bayan Stella ya karye. Kamar na Osbert ne.

Duwatsun suka zube ta ɓarakar zuwa cikin ruwa marar zurfi. Bugun ya tsaya. Na yunƙura zan yi tsalle.

Aka riƙe mini zane.

"Nasu ya zo," in ji tsohuwar a kunnena. "Namu fa?"

Na ja. Ta ja. Warin bakinta ya shiga nawa.

Na kwance zanen na bar mata, na faɗa ruwa. Na sha, na tashi, na rarrafa kan yashi. Da ɗan fatari na shiga gari, ƙafa ba takalmi. Dunstan ya buɗe ƙofa, ya toshe hanci, ya miƙo mini zane. Rannan kaɗai na ga ya yi hankali.

Guguwa ta kwana tana yi. Da safe ko katako ɗaya na Stella ba a samu ba. Duwatsu goma sha biyun kuwa suna nan a jere a bakin yashi. Mutanen gari suka hau da su tudu, masu karatu suka karanta sunaye, dangi suka fito, aka yi girki, aka zuba giya a ƙasa. Lennox na sa shi nutso a lakar bakin kurmi kwana uku, ina tsaye a kansa da filafilin kwalekwale. Biyun da na jefar ba a gan su ba. Laka ta haɗiye.

Na je wurin mai sassaƙa na sa ya yanko sababbi biyu. Ban taya ba, har ya ɗago ya dube ni ko lafiya.

"Tanti Verlina, wane suna zan sa?"

Na farkon ban duba ba. Na biyun kuwa ya kwanta a kan gwiwata, tocila a hannuna, haruffan manya-manya. Na gan su sarai. Ban iya karantawa ba.

An kafa su haka nan, gicciye kawai. Ba su karɓa ba.

Yanzu kayan miya nake sayarwa, kifi ko a faranti ba na son gani. Duk yammar da ruwa ya cika da faɗuwar rana, in na fito, sai in tarar da bencin ƙofar gidana da shaidar zaman mutum biyu, a jiƙe, da maiƙo. Na ƙona bencin farko. Na biyun ma haka. Na ukun na bar musu, ni nake zama a ƙasa.