Inji Ɗaya, Rijiya Uku

Da aka sauko daga sallar Juma'a, matan Zangon Kumasi suka murɗa famfon unguwa, ko ɗigo bai fito ba. Aka buɗe ɗakin injin jan ruwa, aka tarar wayam. Kwana huɗu kacal da kafa injin mai shuɗin fenti, bayan shekara biyu ana sayen ruwa a jarka.

Kafin Sajan Wahab ya iso, an riga an kai mai gadi, Baba Sumana, caji ofis. Ba a fasa kwaɗo ba, makulli kuma yana rataye a wuyansa. Ranar Litinin za a kai shi kotu.

"Ɗana, masallaci na je," in ji tsohon. "Shekara biyu ina gadin ɗakin nan ba komai a ciki. Sai da aka sa abu zan zama ɓarawo?"

Wahab ya kasa zama. Ya koma ɗakin injin, ya tsuguna. Ƙarafa huɗu da suka riƙe injin suna nan a siminti, kowanne an mayar masa da notinsa, har an shafa giris. Wayoyin ma an naɗe bakinsu tsaf.

Ya fara da Brimah, mai sayen tsohon ƙarfe.

"Ofisa, ka raina ni," in ji Brimah. "Ni guduma nake sawa. Da ni ne, noti da waya duk sai sun hau sikeli."

Daga nan sai Hajiya Habsa, wadda ke sayar wa unguwa ruwa daga tankinta.

"Na yi murna, ba zan ɓoye maka ba," ta ce. "Amma tun safe ina gidan suna a Kwadaso, mata hamsin sun gan ni. Kuma wa ya ce maka makullin ɗaya ne? Injiniya Latif na ofishin ayyuka yana da nasa."

Ko da Wahab ya isa ofishin ayyuka an riga an tashi, amma akwai takarda manne a ƙofa. Sabuwar doka ce: ba a sa hannu kan aikin rijiya sai masu duba aiki sun ga ruwa na zuba da idonsu. Sun duba Zango ranar Litinin. Asabar, unguwar Ayigya. Laraba, wata unguwa kuma. Ya karanta sau uku.

Ranar Asabar da safe ya hau motar haya, tiro-tiro. A Ayigya ya tarar da dogon layin mata da robobi, ruwa yana zuba, Injiniya Latif yana tsaye da farar riga yana jiran baƙi. Wahab ya shiga ɗakin inji, ya dangwala yatsa a jikin injin. Koren fentin bai bushe ba. Ya kankare da farce, shuɗin injin Zango ya bayyana.

"Injiniya, a ina ka koyi aiki?"

"A garejin Suame, kafin makaranta. Me ya faru?"

"Ubana ma makaniki ne a can. Duk wanda ya kwance inji bai mayar da noti a mazauninsa ba, mari yake sha, don injin zai dawo. Ɓarawo ba ya tunanin dawowa. Wanda ya kwance na Zango ya saba da aikin, yana da makulli, ya san ƙarfe nawa tsoho ke tafiya masallaci, kuma yana da inda dole a ga ruwa yau."

Latif ya share gumi.

"Sajan, rijiya uku aka ba ni, inji ɗaya aka kawo. Sauran biyun ka tambayi na sama da ni. In ba a sa hannu ba, ni za a kora. Da na mayar da shi ranar Alhamis."

"Tsohon fa? Ka ji an kama shi?"

"Na ji."

"Ka yi barci?"

Wahab ya sa wa Latif ankwa, ya buga waya ya ce a saki Baba Sumana.

Saura injin. Doka ta ce shaida ne, sai a kai shi caji ofis, inda baburan shaida ke tsatsa tun kafin a ɗauki Wahab aiki. Daga nan Zango ba ruwa, Ayigya ba ruwa, sai ranar da kotu ta tuna. Ya ɗauki sifana, ya kai ƙofar ɗakin, ya dawo, ya sake komawa.

Wata tsohuwa ta sauke robarta a gabansa.

"Ɗan sanda, kai ma ɗauke shi za ka yi?"

"Ki cika taki tukuna, Mama."

Ya zauna a kan bulo da sifana a hannu. Labari ya riga ya zaga unguwa cewa za a iya ɗauke injin, layin sai ƙara tsawo yake.