Harbi na Biyar

"Sau uku ya tambaye ki, sau uku kika yi shiru? Fauziyya!"

Madam Birgitta ta dire kofi har shayi ya fantsama. 'Yar Suwidin ce, mijinta Bamisire ya rasu ya bar ta ita kaɗai a unguwar Ma'adi. Kullum bayan darasi nake zuwa in riƙe mata hannu mu zagaya, don gwiwoyinta sun gaji. Ba ta da kowa a Alƙahira, ni ma haka. Da gurgun Larabci muke hira.

Na ce, "Madam, a garinmu shirun budurwa amsa ce. Ina ni ina buɗe baki in ce wa namiji ina sonka?"

"Shi ya san haka?"

Mu'tasim Bahaushen Sudan ne, yaƙi ya koro shi daga Omdurman. Shekara biyu yana jira na a bakin tasha, ya ce, "Ya galbi, zuciyata, ki ce min eh kawai." Ni kuwa sarauniyar kunya, sai in sunkuyar da kai ina wasa da bakin hijabi. Ga Baba can Zariya ya ce ba zai ba ɗan gudun hijira 'yarsa ba. Jira nake ya sauko. Wallahi ina son Mu'tasim, son da ke hana ni karatu.

Madam ta nuna hoton da ke bango: ita ce tana budurwa a kan dusar ƙanƙara, dogayen katakan zamiya a ƙafa, bindiga a baya.

"Muna cikin matan farko da aka bari su shiga gasar nan. Ki yi gudu har ƙirji ya yi zafi, ki tsaya ki harbi alama biyar. A babbar gasata na sami huɗu. Ta biyar na tsaya jira, wai sai zuciyata ta lafa..."

"Sai me?"

"Sai hannu ya fara rawa. Wanda ya daɗe yana saiti, kuskure yake yi. Ban sake samun irin damar ba." Ta ƙwace hannunta daga nawa. "Yalla, habibti, tashi ki je wurinsa. Yau ba na zagaye."

Ban san yadda na kai Ard al-Liwa, unguwarsu Mu'tasim, ba. Mako uku ke nan bai kira ni ba, ni kuma girman kai ya hana in kira.

Tun daga matakala na ji ƙamshin turaren wuta. Eman ce ta buɗe ƙofa, 'yar kawunsa, wadda ke kirana 'yar uwa tana cin tuwona duk Juma'a. Lalle baƙi wuluk har gwiwar hannu.

"Fauziyya! Ma'alish, yi haƙuri, jiya aka ɗaura aurenmu... mun ɗauka ba za ki so zuwa ba."



Sai ga Mu'tasim a bayanta, cikin farar jallabiya. Ya rame.

"Eman ta ce an yi miki miji a Zariya," ya faɗa a hankali.

"Ƙarya ne!"

"Sau uku na tambaye ki..."

"Ai na amsa, Mu'tasim! Shiru na yi!"

Idonsa ya kaɗa.

"Wanda ya rasa gida da gari, Fauziyya, in ya ji shiru, kora yake ji."

Daga ciki mahaifiyarsa ta ƙwala masa kira. Ya juya. Eman ta tura ƙofa a hankali.

Na shiga ƙaramar bas mai zuwa unguwar Faisal, na takure a kujerar baya tsakanin mata biyu da kwandunansu. Hawaye na zuba, ban share ba. Muna cikin cunkoso na ji bakina ya buɗe, da ƙarfi, yadda ban taɓa yi ba:

"Eh. Na yarda. Ina sonka."

Babu wanda ya waiwayo. Duk motar babu mai jin Hausa.