Allura Mai Tsawon Fensir

Akwai wata yarinya da ake kira Rediyo, domin bakinta ba ya hutawa. Wata rana gwangwani ya yanke ta a hannu. Mama ta kai ta asibiti, aka yi mata allura. Kafin ta ce "wash" har an gama.

Amma da ta je makaranta, sai ta ƙara wa miya gishiri.

"Allurar ta kai tsawon fensirin nan!" in ji ta. "Malamar asibitin ko murmushi ba ta yi. Sai da na suma!"

Yara suka zaro ido. Rediyo ta ji daɗi.

Ƙawarta, 'yar tela, tana gefe tana ji. Ba a jima ba, sai ta taka ƙusa mai tsatsa a bayan shagon babanta. Ta tuna da fensir. Sai ta ɗaure ƙafar da ƙyalle, ta sa safa, ta yi gum.

Shi ciwo ba a ɓoye shi a safa. Ƙafa ta kumbura, takalmi ya ƙi shiga, makaranta ta gagara.

Rediyo ta je dubiya. Ta tarar da ƙawarta ta rungume keken ɗinki tana kuka.

"Mun yi, mun yi, ta ƙi asibiti," in ji tela. "Wai allurarsu kamar fensir. Wane maƙaryaci ne ya faɗa mata haka?"

Rediyo ta fice daga shagon. Ta ruga gida ta gaya wa Mama komai.

"Suma?" in ji Mama. "Ke da kika fito kina tsotsar alawa?"

"Wasa nake yi, Mama."

"Wasanki ya kusa cin ƙafar mutum. Bakin da ya ɗaure, shi zai kwance. Wuce mu je."

A shagon, Rediyo ta durƙusa kusa da ƙawarta.

"Ƙarya na yi. Ko cizon cinnaka ya fi allurar zafi. Tashi, ni zan riƙe miki hannu."

Malamar asibiti ta wanke ciwon a hankali.

"Kun zo a kan gaɓa," ta ce. "Da kun ƙara jinkiri, da aikin ya yi yawa."

'Yar tela ta runtse ido. "Yaushe za a yi allurar?"

"Ai an yi."

Kowa ya yi dariya, har tela.

Ƙafa ta warke. Rediyo ta tsaya gaban aji ta gyara labarinta da bakinta.

Yara, kada ku tsorata mutane da asibiti. Wanda kuka tsorata zai ɓoye ciwonsa, ciwon kuwa ba zai jira shi ba.