Mai Ɗanɗana Mata Miya

Ta tagar bayan kicin suka fara haɗuwa, kuma maganar farko da ya yi mata ko kusa ba ta soyayya ba ce.

"Baiwar Allah, ke kika yi miyar jiya?"

Auta ta ɗago daga ƙulla leda. Wani dogon saurayi ne a kan babur, hular kwano a ka, takunkumi a fuska, idanu kawai ake gani. Sabon mai kai abinci ne da Baba ya ɗauka, tunda dokar annoba ta hana zama a gidajen abinci, sai dai a yi oda a kai wa mutum har ƙofa.

"Ni ce. Da matsala?"

"Babu, sai dai gishirin ciki zai ishi unguwa guda. Wata tsohuwa har bakin titi ta biyo ni da cokali a hannu."

Ta buɗe baki za ta wanke shi tas, sai ga hawaye sun riga ta. Nan take ya diririce, ya sauko yana ba da haƙuri.

Abin da bai sani ba, Umma ce mai girkin gidan abincinsu tun kafin a haifi Auta. Cutar ta kwantar da su su biyu. Umma ta tashi, amma numfashinta bai koma daidai ba, ba ta iya tsayuwa gaban wuta. Auta kuwa ta warke sarai, gwaji ya nuna babu komai, sai dai hancinta da harshenta sun ƙi dawowa. Albasa, barkono, sabulu, duk ɗaya suke a wajenta. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta san halin mutane, da sun ji mai girki ba ta jin ɗanɗano za su ce cutar na nan jikinta, kowa ya gudu. Baba kuma da ya rame saboda tunani zai rufe wurin gaba ɗaya.

Har yau ba ta san abin da ya sa ta faɗa wa baƙon da ko fuskarsa ba ta gani ba. Amma ta faɗa.

Sai ya ce, "Ni kuwa abu ɗaya Allah ya ba ni, baki. Wajen surutu da wajen ci. Ki ara."

Haka aka fara. Kullum kafin a zuba oda ta farko, sai ta ɗebi miya a ɗan faranti ta ajiye a bakin taga, ta ja baya. Shi kuma ya wanke hannu, ya sauke takunkumi, ya ɗanɗana. Ranar farko ce ta ga ashe yana da wushirya, har ta manta abin da ta tambaye shi.

"Ƙara gishiri kaɗan. Kaɗan fa na ce, na san hannunki!"

Oda ta fara ƙaruwa, saƙonni ma haka.

"Mai Gishiri, kin ci abinci kuwa, ko sai ciyar da gari?"

"Na ci. Kamar takarda nake taunawa."

"Zai dawo in Allah ya yarda. Kafin nan ni ne harshenki, ba albashi ba hutu."

Ta karanta ya fi a ƙirga. A wayarta kuwa tuni ta sauya sunansa zuwa Harshena.

Sai dai ba shi kaɗai ke zagaya tagar ba. Akwai ɗan mai ginin da suke haya, mai mota da turaren da aka ce yana riga shi shiga wuri, Auta dai sai a ba ta labari. Shi komai aka ba shi cewa yake, "Ban taɓa cin irin wannan ba!" Har ranar da shinkafa ta kama haka ya ce. Baba na ji da shi, yana ganin in aka haɗa zuri'a hankalin kowa ya kwanta.

Da aka ba da izinin sake buɗewa, Baba ya zama kamar sabon ango. Ya rage tebura, ya ba da tazara tsakaninsu, ya kafa bokitin famfo da sabulu a ƙofa, ya sayo na'urar auna zafin jiki yana gwada ta a goshin duk wanda ya gifta. Ana cikin haka ɗan mai gini ya raɗa masa cewa mai babur na buɗe fuska a tagar kicin yana cin abincin mutane.

Washegari Baba ya kama su, cokali a bakin saurayin.

"Kai! Kana yawo gida-gida, sannan ka zo ka buɗe baki a kan abincina? So kake a sake rufe mu? Na kusa rasa matata da 'yata, ba zan yi wasa da ran kowa ba. Kada in ƙara ganinka a nan, kuma ka fita harkar yarinyar nan!"

Auta ta jira ya kare kansa. Amma bai yi ba. Ya mayar da takunkumi, ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba," ya tura babur ɗinsa.

Ta tura masa saƙo: "Me ya sa ba ka faɗa masa gaskiya ba?"

"Sirrinki ne, ba nawa ba. Kuma Baba bai yi laifi ba, tsoro yake ji. Ki kula min da kanki."

Ranar buɗewa ta zo. Tun da hantsi mutane suka yi layi, kowa nesa da ɗan'uwansa. Auta na tsaye gaban babbar tukunya, ta kai cokali baki sau ɗaya, sau biyu, babu komai sai ɗumi. Idan miyar yau ta ɓaci, waɗanda suka yi ƙarfin halin fitowa ba za su dawo ba.

Ta ajiye cokalin, ta je ta sami Baba a bayan kanta.

"Baba, tun da na tashi daga ciwon nan ba na jin ɗanɗano, ba na jin ƙamshi. Duk abincin da aka yaba a watannin nan, shi ya ɗanɗana min. Ba ci yake yi ba, taimakona yake."

Idanun Baba suka kaɗa.

"Auta, ke kaɗai kika ɗauki wannan? Ni kuma na kori yaron mutane, ya rufe baki don ya rufa miki asiri?"

Ya nufi tukunya, sai ya tsaya. Shi da likita ya raba da gishiri shekara da shekaru, komai a bakinsa yawa yake yi. Ya ciro waya.

"Ɗan nan, kana ina?"

"Baba, ina nan bakin layinku. Na kasa yin nisa."

Baba da kansa ya miƙa masa farantin, a waje, da cokali daban. Saurayin ya ɗanɗana, ya lumshe ido.

"Daidai take. Ko ƙwaya ɗaya kada a ƙara."

A ranar sai da aka kankare tukunya. Da labari ya kai gida, Umma dariya ta yi. "Ni ai na sani tun ranar da na manta sukari a shayinta ta shanye ba ta yamutsa fuska ba. Malam, ka ba shi ita. Wanda zai gaya mata gaskiya a kan gishiri, zai gaya mata a kan komai."

Aka ɗaura aure da mutane kaɗan kamar yadda doka ta ce, kowa da takunkuminsa, amma ko ta ido ana gane murna. Baba ya yi ta sa albarka.

Wata safiya bayan biki, ango ya ce yau shi zai yi girki, amarya ta huta. Tana ɗaki tana ninke kaya, sai ta ɗaga murya ba tare da tunani ba.

"Harshena, albasarka na ƙonewa!"

Ya fito da cokali a hannu, ita kuma ta dafe hanci, hawaye na zuba. Ta ja numfashi ta sake ja. Ƙauri ne, ƙauri sosai, kuma ba ta taɓa jin abu mai daɗinsa ba.

"Alhamdulillah," ya ce a hankali. "To shi ke nan, an sallame ni daga aiki?"

Ta riƙe hannunsa tana dariya tana kuka.

"Ba albashi ba hutu, kai ka faɗa. Je ka sauke kaskon kafin ka ƙona mana gida."

Allah ya bar su tare, ya ƙara mana lafiya baki ɗaya.