Shafin Kwandon Shara

"Ke kika rubuta wannan?"

Ya wurgo tsohuwar mujallar kan teburina, har shayina ya fantsama. Saura kwana tara ɗaurin aurenmu, ga angon nawa mawaƙi ya faɗo ofis yana huci, da baƙin tabarau a fuska kamar a cikin ɗakin ake rana.

Na duba. Fitowar shekara biyar baya ce, shafi na ƙarshe, Kwandon Shara.

Shekara talatin ke nan da Baba ya kafa mujallar nan ta waƙa da mawaƙa. Duk wanda ya hau bangonta ya gama shahara, teloli su kwaikwayi ɗinkinsa, masu aski su manna hotonsa jikin madubi. Wanda kuwa aka jefa waƙarsa a Kwandon Shara, ko a bikin ƙanwarsa sai ya yi roƙo kafin a miƙa masa makirufo. Kuma doka ce tun farko, ba a sa sunan mai rubuta shafin. Duk zagin da ya biyo baya Baba ke shanyewa.

"Wa ya ce maka ni ce?"

"Manajata ta gano rubutun hannunki a ma'ajiyar takardunku!"

Manaja! Wannan mai farce zaƙo-zaƙo, wadda tun ranar da ta ga zobe a yatsana ta daina amsa gaisuwata. Matar da ba ta taɓa karanta shafi guda ya ƙare ba, ita ce da tonon kwali.

"Ni ce," na ce.

"Haba Zuciyata... 'Waƙar da ko mai ita zai ji kunyar maimaitawa'? Ni kika yi wa haka?"

"Lokacin ban san ka ba, Masoyi. Waƙar na sani."

"Umma ta gani. Ta ce ba ta karɓar surukar da ta tsinka ɗanta a idon duniya. Da ƙyar na shawo kanta! A fitowa mai zuwa ki janye maganar, ki sa sunanki, ki ba da haƙuri. Sai ki ɗora ni a bango, shi ke nan an wuce wajen."

Ji fa! Har da bango.

Baba na zaune a kusurwa yana duba kurakuran bugu. Shi dama bai taɓa son auren ba, cewa yake namijin da ke gyara gashi a gilashin motar mutane ba ya riƙe gida. Ko ɗagowa bai yi ba.

Ina son angon nan nawa, ba zan ɓoye ba.

"Na yarda," na ce. "Amma ka rera min ita yanzu, babu kiɗa. In ka kai ƙarshe, da hannuna zan rubuta ban haƙurin."

Ya yi dariyar raini, ya gyara murya, ya fara.

Murya kam Allah Ya ba shi, ita ta sace ni tun farko. Baiti na ɗaya ya wuce. Na biyu ya fito a sanyaye. Da ya zo na uku, wanda ya kwatanta budurwa da sabuwar tayar mota, sai ya tsaya.

Ya sake ɗaukowa.

Ya sake tsayawa a nan ɗin dai.

Ya zare tabarau, na ga idonsa ya kaɗa.

"Masoyi," na ce a hankali, "kai ma ka ji..."

Ya miƙo hannu. Ni kuwa sakarai, na zaci nawa hannun yake nema.

"Zoben," ya ce.

"A kan gaskiya za ka rabu da ni?"

"Kullum na buɗe baki a gida, in riƙa tunanin me kike rubutawa a ranki? Ba zan iya ba!"

Na zare na ajiye masa a tafi. Tun bai kai matakala ba na jiyo manaja tana danna hon a ƙasa, ashe ko motar ba ta kashe ba.

Da ƙarya na yi masa, na tabbata da ya yafe.

Baba ya turo min hankicinsa, idonsa na kan takarda. Abin da ya fi ba ni haushi, a kan wannan mutumin na jiƙa hankicin sharkaf da hawaye.