Haƙori Talatin da Bakwai

Rana ta riga ta faɗa bayan katanga lokacin da Kunne ya ɗaure noti na ƙarshe. Yana kwance rigingine a ƙarƙashin motar, a tsakar gidansa, baƙin mai ya gangaro masa har gwiwar hannu. Unguwar ta yi tsit, irin shirun da ke sauka gab da magariba, kaji sun hau makwanci, inuwar katanga ta rufe ƙasa.

Kunne ake kiransa don da kunne yake gano ciwon mota. Sai ya ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin ƙarfe, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido, ya gaya maka abin da ya lalace kafin a kwance noti ɗaya. Motar kuwa ta mahaifinsa ce, tsohuwar a-kori-kura mai jan taya huɗu, kowa a gidan Tsohuwa yake ce mata. Shekara uku yana ta fama da ita bayan ya taso daga gareji. Ya sake mata kuloci, ya sake boris, ya miƙar da farfela, dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi. Abin da ya rage shi ne aksul ɗin baya, ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyin baya, wanda haƙoran giyarsa suka karairaye. Jiya da yamma ya samo wani a filin 'yan gwangwan, a jikin wata mota irinta da ta daɗe a yashe, ya kwanto shi da gaggawa don ana shirin rufe ƙofa.

Auta, 'yarsa mai shekara goma sha tara, ta durƙusa ta leƙo shi da kofin ruwa a hannu.

"Baba, in Tsohuwa ba ta tashi bana ba, ni kam zan tsufa ban iya tuƙi ba."

"Gobe za ta tashi. Jibi kuma ki zauna a kujerar direba, in ga bakin naki ko ya kai ƙafarki."

Tana cikin dariya wani abu ya faɗo a kan rufin kwano, ƙwal. Ya gangaro a hankali, ya faɗi kusa da ƙafarta. Uwarta ta ɗaga murya daga ɗakin girki tana yi wa yaran maƙwabta faɗa. Kunne ya fito ya tsinci abin. Ba dutse ba ne, noti ne mai tsatsa, da ɗumi kamar yanzu aka cire shi daga hannun mutum. Ya gane shi sarai, don cikin waɗanda ya yanke ya bari a filin 'yan gwangwan ne. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo, sannan aka kira salla, jifan ya tsaya.

Washegari Tsohuwa ta tashi. A kan titi ta tafi lafiya lau, har Kunne yana murmushi shi kaɗai. Amma da ya ja ƙaramar giya, wadda ke sa tayoyin gaba su ma su ja, sai motar ta turje. Ta yi tsalle, tayoyi suka yi kuka, sitiyari ya ƙage, kamar gabanta da bayanta kowa da inda ya nufa. Ya lallaɓa ta zuwa gida, ya kashe inji, ya duba farfela, ya duba mai, bai ga komai ba. Da yamma ta yi ya ɗauko sukundirebarsa, ya ɗora a kan tulun da ke tsakiyar sabon aksul ɗin, ya kara a kunne. Inji a kashe yake, babu abin da ya kamata ya ji. Numfashi ya ji, a hankali, yana shiga yana fita.

Bai gaya wa kowa ba. Mutum ne mai girman kai a kan sana'arsa, kuma kunya yake ji a ce shi, Kunne, ya ji ƙara a mota ya rasa sunanta.

A magariba ta uku shi da matarsa suka nemi Auta a ɗaki ba ta nan. Uwarta ce ta gan ta zaune a ƙasa, ta jingina da tayar baya, kumatunta a manne da ƙarfe. Idonta a buɗe yake amma ba ya kallon kowa. Ƙirga take yi, da wata murya mai kauri, a gajiye, muryar da ba ta taɓa fitowa daga maƙogwaronta ba. Ɗaya. Biyu. Uku. Tana kaiwa talatin da bakwai sai ta yi shiru, ta karkata kai kamar mai jiran amsa, sannan ta fashe da kuka, ta koma ɗaya.

"Auta! Na shiga uku, Auta, ni ce!"

Ba ta waiwayo ba. Su biyu suka kasa ɗaga ta, yarinyar da ubanta kan ɗauka da hannu ɗaya. Sai da duhu ya gama rufewa jikinta ya saki, ta dube su ta ce me ya kawo ta nan.

Haka aka yi kwana tara. Da rana Auta ce, sai dai ba ta cin abinci, wuyanta ya fito, dariyar ta ɗauke. Likita ya auna ta bai ga komai ba. Da zarar inuwa ta rufe tsakar gida, notuna su fara sauka a kan kwano, ita kuma ta nufi tayar baya ko an kulle ƙofa. Uwarta ta daina kuka da ƙarfi, sai dai ta zauna nesa kaɗan tana motsa leɓe. Tsoro ya zauna a gidan, har maƙwabta suka daina aiko yara.

A rana ta goma lambar ta tsaya wa Kunne a rai. Ya tsiyaye mai, ya kwance murfin tulun baya, ya sa alli a kan haƙori ɗaya na babbar giyar, ya riƙa juyawa yana ƙirgawa. Talatin da bakwai. Ya buɗe na gaba, wanda motar ta zo da shi. Arba'in da ɗaya. Ga ciwon motar nan a fili: baya yana gudu fiye da gaba, dole su yi faɗa. Ko ɗan koyo ya san ana ƙirga haƙora kafin a haɗa, shi kuwa gaggawa ta hana shi. Amma ba wannan ya sa allin ya faɗi daga hannunsa ba. Auta ba ta taɓa ganin cikin tulun nan ba, shi kansa yau ya fara buɗe shi.

Kafin la'asar ya je ya ɗauko kawun matarsa, wani dattijon malami siriri mai magana ƙasa-ƙasa. Malam ya zauna a tabarma, ya dubi yarinyar, ya dubi motar, sannan ya juyo ga Kunne.

"In mutum ya kawo maka mota tana ƙara, me kake fara tambayarsa?"

"Me ka canza kafin ƙarar ta fara," in ji Kunne.

"To, me ka canza?"

Kunne ya sunkuyar da kai ya gaya masa komai, har numfashin.

Da rana ta faɗi, noti na farko ya sauka. Auta ta miƙe ta tafi wurin tayar. Malam ya bi ta da tabarmarsa, ya zauna daf da ita, ya fara karatu a hankali, ba ya ɗaga murya. Ƙirgar ta soma sarƙewa. A goma sha tara ta tsaya cak. Kan Auta ya juyo sannu-sannu, idanun suka wuce malam suka sauka a kan ubanta.

"Ka yi sallama?" in ji muryar.

Nan take mahaifin Kunne ya faɗo masa a rai. Tsohon ba ya taɓa sa sifana a motar da ta daɗe a ajiye sai ya ƙwanƙwasa jikinta sau uku, ya yi sallama, ya ɗan jira. Shekara talatin Kunne yana zaton don macizai yake yi.

"Da ni za ki yi magana," in ji malam. "Wace ce ke, me kike nema a jikin yarinyar mutane?"

"Shekara ashirin muna cikin motar nan da aka yasar, ni da ɗana. Ni a baya, shi a gaba. Ƙarami ne, ba ya iya barin ƙarfensa. Kullum magariba ina ƙirga masa haƙoran yana bina, kafin mu kai ƙarshe ya yi barci. Wannan ya zo da sifana ya raba gida biyu, ya tafi da ni. Kwana goma sha biyu ina ƙirgawa, babu mai amsawa."

Uwar Auta ta toshe bakinta da mayafi.

"Shi ya shiga gidanki bai sani ba," in ji malam. "Ke kin shiga jikin 'yarsa kina sane. Ki ji tsoron Allah. Gobe zai mayar da ƙarfenki inda ya ɗauko."

Muryar ta yi wata busasshiyar dariya. "Ya mayar ina? Da ya zare baya, motar ta zube. Masu filin sun yanka ta da wuta sun loda. Aksul ɗin gaba kaɗai ya rage a cikin ciyawa, jibi shi ma za a kai shi narkarwa. In ɗana ya shiga wuta, yarinyar nan ba za ta ƙara sanin sunanta ba."

Malam ya ci gaba da karatu, wannan karon da ƙarfi. Jikin Auta ya ɗauki rawa, ta yi ƙara, muryoyi biyu suna fita tare, ta yarinyar da ta baƙuwar. Kunne ya ji ta Auta a ciki tana kiran Baba, ya riƙe hannun malam yana roƙonsa ya dakata.

"Za a kawo miki ɗanki," in ji malam yana haki. "A ajiye ƙarafan biyu wuri ɗaya, nesa da gidan nan. Amma yanzu za ki fita."

"Ƙarfe tsirara, a rana da ruwan sama? Da rufi muke da shi. Ya rushe min gida, ya ba ni gida." Hannun Auta ya tashi ya dafa jikin Tsohuwa. "Wannan. Ya ɗaura mata na gaban, ya kai ta inda babu mutane, kada a ƙara tayar da ita."

Malam ya juyo. "Zan iya korar ta da ƙarfi, in Allah ya so, amma yarinyar za ta sha wuya, kuma ka ji abin da ke can cikin ciyawa. Wannan amsar taka ce."

Kunne ya dubi motar. Har yanzu kujerar direba tana da lotsawar jikin mahaifinsa. A cikinta ya koyi riƙe sifana, kuma ita kaɗai tsohon ya bar masa. Zuciyarsa ta yi masa zafi ƙwarai. Sannan ya dubi wuyan 'yarsa, yadda ya rame.

"Na ba ki," ya ce. "Tafiya ɗaya kawai nake roƙo, daga nan zuwa inda za ta tsaya."

"Tafiya ɗaya."

Malam ya sa ta yi rantsuwa sau uku. Auta ta yi wata doguwar atishawa, ta sulale a jikin uwarta. A cikin tulun baya wani abu ya yi ƙas, kamar an rufe ƙaramar ƙofa.

Da sassafe Kunne yana filin 'yan gwangwan. Mai filin ya ce ya kwashe abin ya tafi da shi, tun ranar da ya cire na bayan karnukansa ba sa zuwa wannan kusurwar. Kunne ya durƙusa a cikin ciyawa, ya ƙwanƙwasa ƙarfen sau uku, ya yi sallama, ya jira. A gida ya buɗe tulun ya ƙirga, talatin da bakwai cif. Ya wanke shi, ya sa sabon mai, ya ɗaura shi da kulawar da bai taɓa yi wa motar kowa ba.

Bayan la'asar shi da malam suka kama hanyar wani tsohon fili a bayan gari, inda babu mutane. Da suka sauka daga kwalta suka shiga yashi, ya ja ƙaramar giya. Tsohuwa ta kama ƙasa da tayoyinta huɗu, ta haye tudu ba gargada, ba kuka, ba ƙara ko ɗaya. Shekara uku wannan tafiyar yake nema. Ya rage gudu sosai don hanyar ta ƙara tsawo.

A gindin wata bishiya ya tsaya, ya kashe inji, ya cire batir, ya ɗaga gilasai. Sukundirebar tana aljihunsa, amma bai kara ta a kunne ba. Suka juyo da ƙafa har bakin titi.

Magariba ta same shi a ƙofar gida. Babu abin da ya faɗo a kan kwano. Auta tana zaune a tsakar gida, kusa da tabon man da motar ta bari a ƙasa, da kwanon abinci a cinyarta.

"Baba, Umma ta gaya min. Tsohuwa ta yi tafiya daidai?"

"Daidai ta yi." Ya tsuguna a gabanta. "Auta, ƙirga min zuwa arba'in."

"Kai Baba, ni 'yar aji ɗaya ce?"

"Ƙirga dai."

Ta fara, tana dariya ƙasa-ƙasa, da muryarta. Uwarta ta fito ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Talatin da biyar. Talatin da shida. Talatin da bakwai. Kunne ya riƙe numfashinsa.

"Talatin da takwas," in ji Auta. "Baba, kukan me kake yi?"