Shimfiɗar Teburin Kaka

Ranar da suka fara haɗuwa, haushinsa ta fara ji kafin komai. Keken ɗinkinta ne ya tsaya ana tsaka da aiki, ta kira mai gyara, ya ce ga shi nan a hanya, bai iso ba sai da rana ta karkata. Yana shigowa shagon kuma ya ɗora takalminsa mai maiƙo a kan jan yadin da ta baza a ƙasa.

"Malam, idanun naka na ado ne?"

Ya ɗago zai ba da haƙuri, ya ga fuskarta, ya manta abin da zai ce.

Ita tela ce, amma ba ta ɗinka riguna. Tsofaffin kayan biki ake kawo mata: labulen da aka rataya sau ɗaya aka naɗe, shimfiɗar tebur da ta koɗe, rigunan da suka yi wa yara kaɗan. Ta yanka, ta haɗa, ta fitar da rigar filo da adon bango. Shi kuwa Auta ake ce masa a gida, kuma sunan ya bi shi. Kirki kamar me, natsuwa babu ko ta sisi.

Keken ya gyaru a ranar, amma Auta bai daina zuwa duba shi ba. Yau ya ce bel, gobe ya ce mai.

"Keken nan lafiyarsa ƙalau," ta ce masa.

"Ni ne ba ni da lafiya, Allurata."

"To nan ba asibiti ba ne. Matsa, ka tare mini haske."

Tana faɗa tana ɓoye murmushi, don gaskiya ta riga ta kamu.

Da maganar aure ta taso, Auta ya zo da dabara. Zai kwaso tsofaffin kayan bikin gidansu ta yi wa Mama, mahaifiyarsa, wani abu mai kyau, a fara shiga zuciyarta ta nan. Ya jibge mata buhu guda ya tafi. A cikin kayan ta tsinci wata farar shimfiɗa mai surfanin koren ganye, aikin hannu ne tsantsa. Jikinta bai ba ta ba, ta tura masa saƙo:

"Akwai wata farar shimfiɗa mai surfani a kayan nan. Ba ta yi kama da abin yarwa ba. Ka tambayi Mama kafin in sa almakashi."

Amsa ta dawo nan take:

"Na tambaya, Allurata. Duk tsummoki ne, yanka kawai. Ina kewarki."

Tambayar da ya yi ke nan: ya leƙa kicin ya ce, "Mama, in kwashe tarkacen sito?" Ta ce kwashe, tana nufin kwalaye.

Rigunan filo huɗu ta fitar, kuma sun yi kyau, abin da ya ƙara wa lamarin muni. Ranar da ya kai ta gaisuwa, Mama ta buɗe ledar, ta shafa ganyen da yatsa, ta nemi kujera ta zauna. Mahaifiyarta ce ta yi surfanin nan kafin idonta ya mutu, kuma shi ake shimfiɗawa duk ƙarshen shekara idan dangi sun taru cin abinci.

"Yarinyar da ta iya sa almakashi a aikin uwata, me zai hana ta sa shi tsakanina da ɗana? Ban yarda ba. Ga 'yar ƙawata can mai aikin asibiti, ita ba ta yanka wa mutane kaya."

Tela ta dubi Auta tana jira ya yi magana. Gogan naku ya ƙura wa silin ido kamar an ce masa can ne matsalar take.

Ba ta ko isa gida ba saƙo ya shigo:

"Allurata, don Allah ki ɗaga waya. Tsoro ne ya kama ni."

"Kada ka ƙara ce mini Allura. Ka tsaya kamar gunki ana wanke ni a kan laifinka. Keken ma na samu wani mai gyara."

Ƙarya take, babu wani mai gyara. Kuka ta sha, rabi na takaici, rabi na kewarsa, sannan ta ji haushin kanta da take kewar irin wannan mutum.

Auta dai ya daure ya nuna wa Mama saƙonnin. Ta ja masa kunne son ranta, amma ba ta sauko ba.

"Kai sakarai ne, wannan na sani tun kana goye. Ita fa? Hannun da ya san allura ya san abin da ba a yankawa."

Da maganar ta kai kunnen Tela, ta yarda gaskiya ce. Ta sani tun a shago, ta bi maganar saurayi ta bar ta zuciyarta. Sai ta ɗauki allura da farin zare ta nufi gidan ita kaɗai.

"Mama, ban zo roƙon aure ba. Ki ba ni rigunan filon in warware in mayar."

"Ba za su ƙara barin gidan nan ba."

"To a nan zan yi."

Haka ta riƙa zuwa tana zama a baranda, tana haɗa gutsattsarin da hannu, ganye ya dace da ganye. Mama na gefe tana sa ido. Wannan ɗinkin ya yi faɗi, warware. Wancan ya karkace, sake. Tela ta cika ta yi fam, amma haka ta riƙa warwarewa tana sakewa.

Wata rana Auta, mai neman shiri, ya fito da kofin shayi cike taf ya nufo farar shimfiɗa yana tangaɗi.

"Fita!" suka daka masa tsawa a tare.

Ya koma da baya, shayin ya ƙare a rigarsa. Suka dubi juna. Mama ce ta fara fashewa da dariya.

"Haka yake yi miki a shago?"

"Mama, ranar farko da takalmi ya taka mini yadi."

"Ni kuma ya taɓa ba mai bola tukunyata sabuwa!"

Daga nan hira ta ɓarke, duk a kan mutum ɗaya, kuma ba ta ƙare da wuri ba.

Shimfiɗar ta haɗu, sai dai layin ɗinki ya nuna, kuma ta rage faɗi, don abin da almakashi ya ci ba ya dawowa. Mama ta daɗe tana kallo. Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon koren ɗankwalinta.

"Yanka wannan ki cike gefen."

"Mama, kin tabbata?"

"Daga bakina kika ji, ba aike ba ne. Ki yi sauri, ina so a shimfiɗa ta ranar da iyayenki za su zo."

Allurar ta faɗi daga hannun Tela, hawaye suka zubo mata. Auta da ke laɓe bayan ƙofa ya yi ihun murna har ya ture bokiti.

An ɗaura aure dangi sun cika gida. Da za su tafi, Mama ta riƙe hannayensu biyu ta haɗa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai hankali." Ta juya ga amarya, idonta ya ciko. "Ke kuma 'yata, Allah ya ƙara miki haƙuri, don ni na san abin da na ba ki."